Ku Tambayi Injiniya: Kafin a shafe bango da filasta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da muka taɓo maganar gobarar hunturu a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, kuma abin da ya ban mamaki yawancinsu ba ma kan gobarar ba ne, kan masu gyaran wuta ne. Wani ya karɓi kuɗi ya yi layar zana, wani ya yi aiki ko wata uku ba a rufa ba soket ya narke, ga kuma masu gini da suke son ɗaukar mai wayarin amma ba su san ta inda za su gane gwani ba. Na tsinci wasu a ciki, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon. Kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA: Salam Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekara huɗu kenan ina lallaɓa ginin ɗaki uku da falo a Rijiyar Zaki nan Kano, yanzu Alhamdulillah an yi rufi, birkila yace in kawo mai wuta kafin a fara filasta. Toh na samu mutum biyu, ɗaya ƙanin matata ne yana gyaran wuta a unguwa kuma ya min sauƙi sosai, ɗayan wani abokin aikina ne ya haɗa mu, kuɗinsa ya kusa ninka na farkon sai wani zancen atin yake min da bireka kala kala da ni ban gane ba. Gaskiya aljihu ya yi ƙasa kuma uwargida ta riga ta faɗa wa ƙanin nata aikin nasa ne. Wa zan ɗauka?

AMSA: Malam Allah ya sa a shiga lafiya. Ka fara daina kwatanta jimlar kuɗin wannan da jimlar kuɗin wancan, don ina tabbatar maka mutanen nan biyu ba abu ɗaya suke sayar maka ba. Ka ce kowannensu ya rubuto maka a takarda: fitila nawa, fanka nawa, soket nawa a kowane ɗaki, waya nadi nawa kuma mai kauri nawa, fayif nawa, akwatin rabon wuta mai layi nawa, sannan kuɗin aiki daban a ƙasa. Idan ka ajiye takardun biyu gefe da gefe, kai da kanka za ka ga inda arahar ta fito. Wanda ya ce maka "haba yaya ai ba sai an rubuta ba, ka bar min komai", to ka riga ka samu rabin amsarka.

Ga abin da za ka duba a takardar, ba sai ka yi karatun lantarki ba. Layin fitila da fanka waya mai milimita 1.5 ake sa masa. Soket 2.5. Esi da hitar banɗaki kowanne layinsa daban tun daga akwati, da birekarsa shi kaɗai, mafi yawa da waya mai 4. Kukar lantarki 6. Babbar wayar da ta taso daga mita zuwa akwati kuwa 10 ko 16, gwargwadon kayan da za ka ɗora wa gidan. Bireka kala kala da yake maka magana ba ƙyale-ƙyale ba ne, aikin bireka shi ne ta faɗi kafin waya ta yi zafi, don haka kowace waya da birekar da ta dace da kaurinta, layin fitila amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) 6 ko 10, na soket ya fi haka. Idan aka haɗa siririyar waya da ƙatuwar bireka, wayar za ta dahu a cikin bango birekar tana zaune abinta ko gezau. Maganar atin kuma za ka gan ta a amsar tambaya ta gaba.

Bari in ba ka labarin wani gida da aka kira ni shekarun baya. Matar gidan ce ta dami mijinta wai falo yana warin kifi duk dare, an share ƙarƙashin kujeru, an zargi ɓera, an zargi yara. Ina shiga na ce a miƙo min tsani, don robar waya idan ta fara ƙonewa wani irin ƙarni take yi mai kama da na kifi. Da na ɗaga silin na haska tocila, waya guda ɗaya tal mai 1.5 ita ke ɗauke da firiza da esin falo da soket ɗin da ake guga, robar ta yi baƙi ta ƙanƙame har tana marmashewa a hannu, inda aka yi haɗi kuma ba salatif aka naɗa ba, wallahi baƙar leda ce irin ta sayen tumatir, ga ta kwance a kan katakon rufi. Na buɗe akwati na tarar da bireka ɗaya mai amfiya 63. Maigidan yace ai da ƙarama ce, tana yawan faɗuwa, sai mai gyara ya canja musu babba "don kar ta riƙa damun su". Ka ji fa. Birekar tana ta ihun akwai matsala, shi kuma ya zo ya toshe mata baki, aka biya shi aka yi masa godiya.

Maganar takardu. Akwai hukumar NEMSA da aka kafa da dokar 2015, ita ke ba masu aikin haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa kuma ita ke da alhakin duba ingancin aikin lantarki a ƙasar nan. Akwai takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, daga mataki na 3 zuwa na 1, akwai kuma ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki masu lasisi, LECAN. Ka tambaya, ba rashin kunya ba ne, wanda yake da ita da murna zai nuna maka. Amma ni dai a ra'ayina takarda ita kaɗai ba ta isa ba, na ga mai takarda da aikin banza, na kuma ga dattijon da bai taɓa shiga aji ba amma in ka buɗe akwatin da ya haɗa kamar ka ɗauki hoto, kowace waya a miƙe, kowane layi an rubuta ɗakin da yake zuwa. Abin da ya fi takarda shi ne ka ce ya nuna maka gida biyu da ya yi wa aiki aƙalla shekara biyu da suka wuce, ba na makon jiya ba, ka koma kai kaɗai ba tare da shi ba ka yi sallama da maigidan ka tambaye shi. Ka kuma tambaye shi wa ya koya masa aiki, ina shagon ubangidansa. Sannan ka leƙa jakarsa. In ba komai ciki sai filaya da ɗan sukundireban nan mai kawo jar wuta, waya ma da haƙori yake fere ta, to mai canja ƙwan fitila ne, ba mai wayarin gida ba. Mai aikin gaske yana da mitar awo, kuma in ya gama zai gwada layukan kafin a saki wuta, ba wai a kunna a ga ko za ta yi tartsatsi ba.

Ranar da aka gama sa fayif, kafin birkila ya ɗora cokali ɗaya na siminti, ka ɗauki rana a ofis ka zo da kanka. Ka tabbatar duk waya a cikin fayif za ta bi, don wasu binne ta suke tsirara a filasta, ranar da ta lalace sai an fasa bango. Ka tabbatar fayif ɗin a miƙe suke tafiya, ko sama da ƙasa ko a kwance, ba a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa ba don tsimin kaya, in ba haka ba wata rana za ka buga ƙusar rataye agogo ka same ta. Ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka ka adana. Bayan filasta da fenti duk gidaje ɗaya suke, mai kyau da mara kyau, ranar nan ce kaɗai idonka zai ga abin da ka biya.

Shi kuma surukin naka, ka yi masa wannan jarrabawar daidai da ɗayan, in ya ci to nasa ne, ka samu sauƙi ka samu zumunci. In bai ci ba ka zauna da uwargida ka nuna mata takardun biyu, ka tuna mata ita da yara ne suke wuni a gidan ba kai ba. Ana iya roƙon babban ya ɗauke shi ya taya shi aikin, ya samu na cefane ya kuma ƙaru. In kuɗi ne ba su kai ba, a sa fayif da akwatunan bango duka yanzu, a ja wayar ɗakunan da za a fara shiga, sauran a bari sai an samu. Gara haka da a rage kaurin waya.

TAMBAYA: Baba Injiniya ina wuni. Dan Allah tunda aka sa mana hita a banɗaki famfon yake ɗan jan mutum, ba sosai ba dai kamar tsira allura, musamman in ƙafa da lema. Mun kira wanda ya sa yace wai haka wutar unguwarmu take in ta yi ƙarfi, mu riƙa sa silifas kawai. Yara na su uku ne kuma ƙaramar bata jin magana. Daga wata uwargida, Gusau.

AMSA: 'Yata, tun kafin ki gama karanta wannan ki je ki kashe hitar nan daga akwati, ba daga makunnin bango kawai ba, kuma kar a sake kunna ta. Babu wata wutar unguwa da ke sa famfo ya ja mutum. Abin da ke faruwa wuta ce take zurarewa, ko dai ƙarfen da ke dafa ruwan ya tsage ko wata waya ta goge tana taɓa jikin hitar, kuma ba ta da hanyar da za ta bi ta shige ƙasa sai ta jikin wanda ya taɓa. Yau tsira allura ce don tsagar ƙarama ce. Tsaga kuwa ba ta komawa, ƙaruwa take.

Abu biyu gidanku ya rasa. Na farko atin, wato sandar jan ƙarfe da ake kafawa a ƙasa, ƙafa huɗu zuwa shida, a wuri mai danshi, a ja koriyar waya ko mai kore da rawaya daga jikinta zuwa akwati, daga nan ta bi kowane layi har ramin nan na uku na saman soket da jikin hitar. Na sha ganin gidan da an kafa sandar don maigida ya gani, amma wayar ba ta je ko'ina ba, tana nan kamar turken akuya. Masu aikinmu sun saba zuba gawayi da gishiri a ramin, yana taimakawa, sai dai gishirin yana cin ƙarfen a hankali, kuma ƙasarmu ta arewa in rani ya yi bushewa take ƙayau, don haka a auna da na'ura a gani, kar a tsaya ga "ai mun zuba gishiri buhu guda". Na biyu wata 'yar na'ura da ake sawa a akwati, masu sana'a suna ce mata RCD, wasu su ce ELCB, ki ce mai miliamfiya 30 kike so. Ita ba jiran waya ta yi zafi take ba, da ta ji wuta ta fara bin wata hanyar da ba tata ba take yankewa cikin ƙiftawar ido. Tana da ɗan maɓallin gwaji a jikinta, ana dannawa lokaci lokaci, in ta faɗi lafiyarta ƙalau.

Shi kuwa mai silifas kar ki sake kiransa, ko kyauta zai yi. Ki sa maigidan ya nemo wani.

TAMBAYA: Injiniya wai ni zan sayo kayan aiki ko in ba mai wayarin kuɗi ya sayo? Abokaina sun rabu biyu a kai. Daga Zariya.

AMSA: Ku je tare, shi ya zaɓa kai ka biya ka karɓi rasit. In ka tafi kai kaɗai za a sayar maka da abin da ba shi ba kana murna ka yi ciniki, kuma ranar da aka samu matsala zai ce ai kayanka ne. In ka ba shi kuɗi ya tafi shi kaɗai, to ka sa shi a jarrabawar da ba kowa ke ci ba. Kuma ka sani yawancin shaguna suna ba mai aiki ɗan kamasho in ya kawo ciniki, wannan sananne ne a kasuwa, ni ba na ɗaga hankalina a kai muddin kayan na kirki ne.

Inda ake cutar mutane sosai waya ce. Akwai wadda cikinta alminiyon ne aka yi mata wankan jan ƙarfe a sama, ido ba ya rabewa. Ka tafi da reza, ka ce a fere maka ɗan bakin, ka kankare, in ka ga fari ya bayyana a ƙarƙashin jan to ajiye musu abarsu. Ko ka kanga mata wutar laita, jan ƙarfe na gaske zai yi ja ya tsaya a miƙe, waccan kuwa lanƙwashewa take ta zube. Ka ɗaga nadin ma ka ji, ta gaske tana da nauyi. Alminiyon kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke ɗauka yake iya ɗauka, kenan an rubuta 2.5 amma aikin da za ta yi bai kai nan ba, ga saurin karyewa a bakin sukuru. Wata kuma jan ƙarfen ne amma an rage kauri an cika roba, wata an rubuta mita 100 in ka warware ba ta kai ba. Muna da kamfanonin waya na gida da aka sani, irin su Coleman da Cutix da Nigerchin da Kabelmetal, kuma wayar gida mai kyau ba ta da abin kunya a gaban ta waje, sai dai masu jabu ma sun iya buga suna da tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya a jikin roba, don haka ka nemi dila na gaske ko da zai ɗan fi tsada, rezar nan kuma kar ka bar ta a gida. In an kawo kaya gida a ƙirga a gabanka, ragowar ma taka ce.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe na sayi ɗan janareto, wani yaro mai gyara a layinmu ya haɗa min waya mai fulogi biyu, ɗaya a jikin inji ɗaya a soket ɗin falo, gida duka ya kawo. Yace dai in riƙa tuna cire fiyus ɗin nepa kafin in tayar. Maƙwabcina yace haɗari ne, ni kuma wata biyar ina yi ba abin da ya faru. Daga Bauchi.

AMSA: Alhaji maƙwabcinka masoyinka ne. Duk tsarin da lafiyarsa ta dogara da "in ka tuna" ba tsari ba ne, wata rana kana kasuwa yaro ne zai tayar. Ranar da aka manta fiyus, in aka kawo wuta ta haɗu da ta injin, injin ya tafi, wataƙila da talabijin da firji. Wannan ma mai sauƙi ne. Taransfoma ba ta san gaba da baya ba, yadda take sauko da bolt 11,000 zuwa 230 da muke amfani da shi, haka in ka tura mata 230 daga gidanka za ta iya mayar da shi sama, ga ma'aikaci can a kan falwaya ya tabbatar an kashe layi ya sa hannu. Sannan shi kansa fulogin, in ɗaya yana jikin inji, ƙarafan ɗayan a tsirara suke da wuta, ka cire ka ajiye a ƙasa ɗan rarrafe ya ɗauka. Abin da kake buƙata cenji-oba ne, wato makunnin da in ya kama layin inji dole ya saki na nepa, ba yadda za a yi su haɗu. Kuɗinsa bai kai na gyaran injin ba, aikin rabin yini ne. Injin kuma a fili za a ajiye shi, ba a soro ko lungun da tagar ɗaki ke kallo ba, hayaƙinsa yana kashe mutane a cikin barci.

TAMBAYA: Malam kati baya mana sati biyu yanzu, wani mai gyara yace zai mana baifas ya zagaye mita da layin esi da hita, ba wanda zai gane. Menene shawara?

AMSA: Shawara kar ka yi. Na san da zafi, tun da aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024 mutane suke kuka, amma baifas sata ce a dokar lantarki ta 2023, in an kama ka a yanke wuta, ka biya tara, a kuma lissafa maka ta baya, shi wanda ya haɗa yana gidansa yana barci. Kuma irin wannan haɗin a ɓoye ake yinsa cikin sauri, yawanci ba bireka a kai, esi da hita kuma su ne masu jan wuta. Ka riƙe wannan: daga mita zuwa cikin gida naka ne, ka kira wanda ka ga dama. Mita da falwaya da taransfoma hurumin kamfanin rarraba wuta ne, tun da aka sayar da rassan tsohuwar NEPA, wadda ta zama PHCN, ga kamfanoni 11 a 2013, KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, na Kaduna har Sakkwato da Kebbi da Zamfara, da sauransu. Kar ka tura ɗan mutane ya hau falwaya don naira dubu biyu, in ya faɗo kai za a nema. Ka kashe komai na gidan ka tsaya gaban mitar, in har tana ci to ko wuta na zurarewa ko wani ya ja layi daga naka, nan ne mai gyara zai yi maka amfani. In mitar ce da kanta ka kai ƙorafi a rubuce ofishin kamfanin, in ba su yi komai ba ka wuce zauren sauraron ƙorafi na hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki.

TAMBAYA: Injiniya ni kam an cuce ni. Na ba wani ɗan kwangila jingar wayarin gidan haya na mai shago huɗu, yace in bashi kashi 80 na kuɗin don kaya suna tashi, na bashi ta banki, ya zo da yara kwana uku suka fasa bango suka sa rabin fayif, yau wata biyu kenan kullum gobe, jiya rasuwa yau ɗaurin aure, yanzu ma ya daina ɗaga wayata. Ba mu rubuta komai ba don a masallaci ɗaya muke sallah. Daga Katsina.

AMSA: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Abin da ya fi yawa a irin wannan ba wai ya gudu ba ne, kuɗinka ya tafi ƙarasa aikin wani da shi ma aka ci nasa, yana jiran na uku ya kawo a zo a yi naka, adashe ne da kuɗin mutane. Tunda ta banki ka tura kana da shaida, ka ciro ta. Ka ɗauki hoton inda aikin ya tsaya, ka kira wani mai sana'ar ya ƙiyasta abin da aka yi da kayan da ke ƙasa a rubuce. Sannan ka bi ta inda yake jin kunya, limamin masallacin naku, ubangidan da ya yaye shi, shugaban ƙungiyarsu, ko mai unguwa, a zaunar da shi gaban shaidu a rubuta ranar da zai gama ko ranar da zai dawo da ragowar kuɗi, ya sa hannu. Wannan ya fi saurin aiki fiye da ɗauko masa 'yan sanda, don bashi da saɓa alkawarin aiki maganar kotu ce. In ya sake saɓawa sai ka tafi kotun da takardar nan a hannu.

Nan gaba kuɗin aiki kashi uku ake yinsa, don aikin ma hawa uku ne: fasa bango da sa fayif, jan waya, sai ɗaura soket da makunni da fitilu da gwaji. Kowane hawa in an gama ka gani ka biya, kafin alƙalami ya zama ɗan kaɗan na motar yara da abinci, ka kuma riƙe wani abu sai an saki wuta an kwana biyu ana amfani da ita. Kuɗin kaya kuma na faɗa a sama, a shago ake biya. Rubutu ba rashin yarda ba ne, mu da aka umarta mu rubuta bashi.

Amma bari in faɗi ta ɗaya ɓangaren don masu sana'ar ma suna karanta mu, kuma suna turo nasu kukan. Da yawa daga cikinmu masu gida mu muke koya musu wannan hali, mutum ya gama aiki tsaf sai a fara masa "ka dawo ƙarshen wata", ya yi ta sintiri a kan haƙƙinsa har takalmi ya tsinke, ko a yi jinga da soket 20 ana cikin aiki Hajiya ta ce a ƙara nan a ƙara can su zama 35 kuma kuɗi bai motsa ba. Wanda aka yi wa haka sau biyu dole ya ce sai an ba shi kashi 80 tun farko. Duk ƙarin da aka yi a yi cinikinsa a lokacin, in ya gama a sallame shi kafin guminsa ya bushe kamar yadda aka hore mu.

TAMBAYA: Sannu da aiki Malam, daga Maraɗi nake. Zan sa sola a gida, fanel huɗu da batir biyu da inbata, akwai mai gyaran wuta da ya min wayarin gidan tun farko kuma na yarda da shi, shi zan ba ko sai na nemo na sola daban? Kuma kayan daga Kano nake so a kawo min.

AMSA: Sannu ɗan'uwa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Ka tambaye shi sola nawa ya taɓa haɗawa, ka je ka gani, don wayarin gida daban aikin batir daban. Ga misali, kayan da ke jan wat 1,000 a wutar gida amfiya huɗu da 'yan kai suke ja, amma wannan wat 1,000 ɗin a ɓangaren batir mai bolt 12 ya haura amfiya 80, in batiran biyu an jera su sun zama bolt 24 kuma rabin haka. Wanda bai san wannan ba zai ɗauko ragowar wayar soket ya haɗa batir da inbata, ka dawo ka tarar ta narke. Wajen nan waya mai kauri sosai ake sawa, gajeriya, da fiyus ko bireka irin ta batir kusa da shi, ba irin ta akwatin gida ba. A kuma ware layin da inbata za ta ɗauka, fitilu da fanka da talabijin, a bar dutsen guga da hita a layin kamfanin wutarku na Nijar, NIGELEC. In mutuminka bai saba ba, na sola ya yi ɓangaren fanel da batir, shi ya yi rabon layukan tunda shi ya san inda ya bi da wayoyinsa.

Kayan Kano kuma ba matsala ta fuskar ƙarfin wuta, kusan ɗaya ne da naku. Sai dai ka lura da soket, mu a Najeriya mai ramuka uku masu kusurwa irin na Ingila muka fi amfani da shi, ku kuma mai zagayayyun ramuka irin na Faransa, inbatar da za a kawo maka da wuya bakinta ya dace da fuloginku. Ka faɗa wa mai shagon tun kafin a ɗora a mota.